Fatar Ganyen Abarba: Ina Makomar Dukawan Adar?

 Yau maganar fata za mu yi, amma irin fatar da ba a yanka akuya ko tunkiya kafin a same ta.

Abin da ya jawo maganar shi ne, cikin shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo kan farashin kayan kasuwa, wata dattijuwa mai sayar da kayan lefe a babbar kasuwar Tawa ta bugo waya. Ɗanta da ke bida a Abijan ne ya turo mata hoton wata jaka a salula, ya ce wai da ganyen abarba aka yi ta. Ta ce mini: "Ɗana, gaskiya ne ko ƙaryar salula ce? In gaskiya ne, ashe dukawanmu sai su nemi wata sana'a ke nan?" Na ce: "Inna, ki ba ni ƴan kwanaki in bincika." To ga abin da na samo, kuma na ga ya fi kyau in rubuta shi, don maganar rediyo iska ke tafiya da ita, ta takarda kuwa ana ajiyewa.

Yadda ganye ke zama "fata"

Gaskiya ne, ba ƙarya ba ce. Sunan abin Piñatex, kuma wata mata ce ƴar ƙasar Sipaniya mai suna Carmen Hijosa ta ƙirƙiro shi. Abin sha'awa shi ne ita kanta ƴar sana'ar fata ce, ta yi shekaru tana harkar jakunkunan fata a ƙasar Ailan. Cikin shekarun 1990 aiki ya kai ta ƙasar Filipin don ta ba masu sana'ar fata shawara. Can ta ga irin ɓarnar da manyan majemu ke yi wa ruwa da lafiyar ma'aikata, can kuma ta ga mutanen ƙasar suna saƙa tufafi masu tsada da zaren ganyen abarba, sana'ar da suka gada tun ɗaruruwan shekaru. Daga nan ta shiga bincike, ta koma karatu a wata babbar makarantar zane da ƙere-ƙere ta birnin Landan, Royal College of Art, ta kafa kamfani mai suna Ananas Anam a 2013, aka nuna wa duniya abin a ƙarshen 2014.

Duk wanda ya taɓa zuwa bida Kodebuwa ko kudancin Benin ya san gonar abarba. Idan an cire ƴaƴan, ganyen nan dogaye masu kaifi sai a bar su su ruɓe ko a cinna musu wuta. To su ne ake tattarawa, a sa su cikin injin da ke kankare tsokar ganyen ya bar zaren, kamar yadda ake fid da zaren rama. A wanke zaren, a shanya, a cire danƙon da ke jikinsa har ya yi laushi kamar auduga. Daga nan ba saƙa shi ake yi ba, wani inji mai allurai da yawa ne ke cusa zaren cikin juna har ya zama shimfiɗa mai kauri kamar bargo. Wannan shimfiɗa ce aka riƙa ɗauka daga Filipin zuwa Turai, a shafa mata launi da wani abin da ke sa ta sheƙi ta kuma hana ruwa shiga. A lissafin kamfanin, ganye wajen 480, wato na gindin abarba kamar 16, ke ba da murabba'in mita guda.

Manyan kamfanoni sun gwada shi. Hugo Boss ya fid da takalman maza da shi a 2018, H&M ya sa shi cikin kayansa a 2019, Nike ma ya yi takalma da shi a 2021. Masu sayensa, yawancinsu mutane ne da Turawa ke kira "bigan", wato waɗanda ba su cin nama, ba su shan nono, ba su kuma sa duk abin da ya fito daga jikin dabba. Sai kuma waɗanda damuwarsu gurɓatar ƙasa da ruwa ce. Ba abarba kaɗai ba, a 2019 wasu matasa biyu a ƙasar Meziko sun fito da irin wannan daga ganyen wani tsiro mai ƙaya na hamada, suka sa masa suna Desserto.

Abin da ba a faɗa a talla

Hausawa na cewa ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba. Ita shimfiɗar nan, kashi 80 cikin 100 ne zaren abarba, sauran kashi 20 wata irin roba ce da ake yi daga masara. Abin da ake shafawa a sama kuwa, wanda ke ba ta kamannin fata, ɗan uwan robar nan ne da ke jikin jakunkunan simili da muka sani. Shi ya sa kamfanin da kansa ya yarda cewa idan an yar da abin ba ya ruɓewa ya koma ƙasa gaba ɗaya.

A 2021 wata cibiyar binciken fata da ke garin Freiberg na Jamus, mai suna FILK, ta gwada ire-iren waɗannan kaya, har da na abarba, ta auna ƙarfinsu da juriyarsu wajen lanƙwasawa da yadda suke barin gumi ya fita. Sakamakon shi ne babu ko ɗaya da ya haɗa dukkan halayen fatar dabba. Kuma kasuwar ba ta zo wa masu wannan harka da sauƙi ba: a 2023 kamfanin Bolt Threads na Amurka, wanda ya yi irin tasa daga saiwar naman kaza, ya dakatar da aikin saboda rashin kuɗi, duk da cewa manyan kamfanoni irin su Adidas sun yi hulɗa da shi.

Har sunan ma an yi rigima a kansa. Faransa ta yi doka a 2010, Italiya a 2020, Fotugal a 2022, duk suna cewa ba a kiran abu fata a kasuwa sai in daga jikin dabba ya fito. Ku duba fa, ƙasashen da suka fi mu arziki su ne suka tashi tsaye suna kare sunan fatarsu, mu kuwa a nan kowace leda mai sheƙi fata muke kiranta.

Game da mu, abarba ba ta yi a Adar. Tsiro ne mai son ruwan sama wajen milimita 1000 ko fiye a shekara, mu kuwa matsakaicin abin da ke sauka a Tawa bai kai 500 ba. Abarbar da muke gani bisa teburan masu kayan marmari daga kudu ake kawo ta, ganyenta kuma can ake barinsa a gona. Saboda haka amsar tambayar Inna ita ce: ba ganyen abarba ne zai kashe dukanci a Tawa ba. Sai dai labarin na da abin da yake nuna mana, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da muke da shi a gida

Mi ne ne ya kori waccan mata daga sana'ar fata? Gubar majemun zamani ce. Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya yau da wani sinadari ake yi mai suna kurom, saboda yana gama aiki da sauri. Idan ba a tace ruwansa ba aka zuba shi a gulbi, ya ɓata ruwa ya ɓata gona. Mutanen Kano da ke kusa da kogin Challawa sun daɗe suna kuka da wannan. A ƙasar Bangaladash sai da hukuma ta tashi majemun unguwar Hazaribagh ta birnin Daka a 2017 saboda irin wannan ɓarna.

To majeminmu na gargajiya fa, da mi yake jima? Zai jiƙa fata, ya sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare da kartaji, ya sa ta cikin ruwan fataka ko kashin kaji don ta yi laushi, sannan ya daka bagaruwa ya tsoma ta a ciki har ta jemu. Ya shafe ta da man gyaɗa. In ja ake so ga karan dafi, in baƙi ga kuloko, in rawaya ga gangamau. Ban da masu haɗawa da wasu magungunan kanti don sauri, kusan duk abin da ke cikin wannan aiki daga itace da gona da murhu ya fito. Bagaruwa kuwa ga ta nan a fadamunmu, daga Majiya zuwa Keita da Tabalak. Irin wannan jima ta itace ita ce masu kuɗin Turai ke nema suna biya da tsada, mu kuma mun gaje ta ba mu san darajarta ba.

Ita fatar kanta, babu wanda ke yanka akuya don fatarta kaɗai. An yanka don nama, fata ta rage, kamar yadda ake noma abarba don ƴaƴa, ganye ya rage. Ashe abin da ake yaba waccan mata a kansa, wato mai da abin da ya rage ya zama kuɗi, shi majemi da baduku ke yi tun kaka da kakanni.

Kuma sunan fatar ƙasar Hausa ba yau ya fita ba. Ayarin raƙuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetare hamada da jemammiyar fatar jar akuya zuwa bakin Bahar Rum, Turawa suna rufe littattafai masu daraja da ita suna kiranta fatar Maroko, alhali daga Sakkwato da Kano da maƙwabtansu ta fito. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalman Kano ke tafiya har Arewacin Afirka. A nan Nijar an buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun 1963, kuma a farkon shekarun 2020 hukumar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka, ta yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajista tare da albasar Galmi da kilishi da cuku.

A nan gida, ku shiga cibiyar masu sana'ar hannu ta Tawa, ko ku zaga kasuwa ranar Lahadi: ga takalmin balka, ga alabe, ga gafaka, ga zabira, ga kube, ga tumtum, ga buzun salla. Ku hau arewa wajen Abalak da Cintabaraden ku ga aikin matan maƙeran Abzinawa, jakunkuna masu tuntaye da matasan kai da aka yi wa ado da korino, aikin da ake kai wa har bikin baje kolin SAFEM na Yamai, wanda aka soma a shekarar 2000.

Inda gizo ke saƙar

To in haka ne, don mi baduku ke wuni a rumfa bai yi cinikin jikka biyu ba? Dalilai uku na gani.

Na farko, roba. Bari in ba da misali da kaina. Da za a yi auren ƙanwata, na shiga wani shago na sayi jaka da takalmi masu sheƙi na sa cikin kayanta, mai shagon ya rantse mini fata ce. Ba su ga bazara biyu ba, jakar ta soma saɓulewa kamar maciji na sake riga, ƙyallen da ke ƙasa ya fito fili. Alaben da mahaifina ya bari kuwa, wanda baduku ya ɗinka tun ban san kaina ba, har yau ina zuba takardu a ciki. Zafin Tawa ba ya barin roba, fata kuwa in tana samun ɗan mai sai ta ƙara kyau. Abokin gabar baduku yana nan cikin dilolin da ake saukewa daga kamiyo, ba a gonar abarba ba.

Na biyu, ɗanya muke sayarwa. Masana'antar jima ta SONITAN da ke Maraɗi ta daɗe da rufewa. Fatun awaki da tumaki masu kyau dillalai ke tattarawa su bi ta Konni zuwa Sakkwato da Kano, can a jeme su a tura Italiya da Sipaniya, su dawo duniya da sunan wasu. Ƙirgin shanu kuma da yawa ganda ake yi da shi a cinye a kudancin Najeriya. Majemin gida ba ya iya ja da farashin dillali, sai ya ƙare da ragowar da aka tsince. Ribar da ke cikin jima da ɗinki, wadda ita ce babba, wasu ke cinta.

Na uku, laifinmu ne, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Fata nawa ake ɓatawa tun wajen fiɗa da kaifin wuƙa? Nawa ake shanyawa bisa ƙasa cikin rana tsaka har ta ƙone? Nawa aka lalata da shaidar wuta a tsakiyar gadon bayan dabba? A ranar Layya kaɗai, fatun da ke ruɓewa a bayan gidaje don an rasa mai zuba musu gishiri, da an tattara su da sun riƙe majemi watanni. Sannan wasu majeman na gaggawa, ba su bari bagaruwa ta ratsa fata, shi ya sa jaka ke wari in damina ta zo, ko rini ya zuba ya ɓata wa mace zane. Mai saye in ya ƙonu sau ɗaya, ba ya dawowa.

Bisa wannan kuma ga rashin baƙi. Da can Turawa masu yawon buɗe ido kan ratsa ta Tawa zuwa Agadas suna saye. Tun tawayen 2007, da sace-sacen Turawa a Arlit a 2010, da na Abalak a 2016, wannan ƙofa ta kusan rufewa. Ke nan kasuwar da ta rage wa baduku ita ce ta gida da ta maƙwabta, wato ku masu karanta wannan shafi.

Yadda za ki gane fata da roba

Uwargida, kafin ki ƙirga kuɗi, ga abubuwa biyar. Ki shinshina: fata na da ƙamshinta, roba warin leda take yi ko na fenti. Ki duba bayanta ta cikin jaka ko bakin ɗinki: fata na da gashi-gashi mai laushi, roba kuwa ƙyalle za ki gani manne da ita. Ki duba bakin yanka: fata abu guda ce daga sama har ƙasa, roba hawa biyu ce ko uku kamar an liƙa. Ki duba fuskarta: ƙofofin gashin fata ba su zama daidai wa daida, in kika ga zane iri ɗaya yana maimaita kansa, inji ne ya buga. Sannan ki ɗiga ruwa kaɗan: fatar bagaruwa na shan sa a hankali wurin ya yi duhu, bisa roba kuwa sai ya gangare.

Ku kuma masu shago, babu laifi a sayar da simili, kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma akwai ranar da ita ce daidai da buƙata. Laifin shi ne a kira ta fata a karɓi kuɗin fata. Ku faɗi gaskiya ku ajiye duka biyun, mai saye ya zaɓa. Ciniki da amana shi ke kawo mutum gobe.

Darasin gabu

Akwai wani abin da ya kamata mu lura da shi. Waccan mata ba ta ƙirƙiro zaren abarba ba, a hannun masaƙan Filipin ta tarar da shi. Abin da ta ƙara guda uku ne: ta sa ingancin ya zama iri ɗaya kullum, ta ba shi suna, ta kuma ba mai saye labarin inda ya fito. Waɗannan ukun su suka kai ganyen da ake ƙonawa cikin manyan kantunan duniya.

Mu ma ba baƙin wannan dabara ba ne. Wa ya koya wa matan Adar su daka ganyen albasa su dunƙula su shanya, ya zama gabu, a sayar da shi a kasuwa? Wa ya koya mana ɗaure harawa a ajiye sai bazara ta yi tsada? Kaba fa, da ake tabarma da faifai da malfa da igiya? Duk ganye ne ya zama kuɗi. Abin da ya rage mana shi ne mu yi wa fata irin hidimar da aka yi wa albasar Galmi har sunanta ya zama abin ciniki daga Abijan zuwa Akara.

Ba sai an jira gwamnati ko wani furoje ba kafin a soma. Mahauci ya yi fiɗa da hannu da wuƙa marar tsini. Mai Layya ya zuba gishiri a fata tun ranar, ya shanya a inuwa. Makiyayi ya sa shaida a ƙafa ko a kunne. Majema su haɗa kai su sayi fata tare, su ba bagaruwa lokacinta. Baduku ya buga sunan garinsa a jikin aikinsa, ya kuma duba irin jakar da ƴan matan yanzu ke so, mai wurin salula da zik mai ƙarfi. Ƴan uwanmu Adarawa da ke da shaguna a Kwatano da Lome da Abijan su riƙa tafiya da ko dozin guda ne su gwada. Iyaye mata masu haɗa lefe da kayan ɗaki kuma, cikin jakunkuna uku a sa guda ta baduku. Kuɗin da aka ba baduku ba ya ƙetare teku, gobe zai dawo rumfarki ya sayi gero da kayan miya.

Da na koma wajen Inna a kasuwa na ba ta wannan bayani, ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe dai abin nema na cikin ɗaki." Na ga kuma ta rataya alabe biyu da jaka guda ta baduku a bakin rumfarta, gefen na kanti. Ko za su fita ko ba za su fita ba, wannan ya rage ga mu masu saye.

Masu jima da dukanci da ke da abin cewa, ko gyara ga abin da na rubuta, ƙofa a buɗe take, a aiko ta ofishin wannan jarida.